Yatsu Biyu a Naɗe

Makon jiya igiyar shanya ta tsinke mana a tsakar gida, wanki ya zube a ƙasa. Yaran yanzu kuwa ka san su, tsayawa suka yi cirko-cirko suna jiran a aika kasuwa a sayo sabuwa. Na tashi da ƙyar, na kamo bakin igiyar biyu na haɗa, na ja, ta kama. Jikata da ke tsaye a kaina ta ce, “Hajiya, hannunki ciwo yake yi? Na ga kin naɗe yatsu biyu.” Na dubi hannuna na hagu, ga ƙaramin yatsa da na kusa da shi a kwance cikin tafi, ban ma san na naɗe su ba. Sai na nemi kujera na zauna, don abin ya mai da ni Balan, bakin rijiyarmu, a shekarun fari.

A Balan aka haife ni, cikin ƙasar Gaya, a gidan gandu mai zaure ɗaya da rumbuna a bayan ɗakuna. Babbar gidan ita ce kakata, mahaifiyar babanmu, wadda kowa ke kira Iya. Sunanta aka sa mini, don haka tun da aka yaye ni a ɗakinta na tashi, ni ce 'yar aikenta, ni ce kuma abokiyar faɗanta. Iya ta yi aure sau biyu a gidan nan ɗaya, kuma ka riƙe wannan da kyau, mai karatu, don a nan maganar take. Mijinta na fari ya tafi aikin hajji da ƙafa, ya bar ta da goyo. Wannan goyon shi ne Baffa. Bayan 'yan shekaru alhazan da suka dawo suka kawo labari cewa jirgin da ya shiga ya kife a Bahar Maliya. Iya ta yi takaba ta gama, dangi suka taru suka ɗaura mata aure da ƙanen mamacin don kada maraya ya bar gidan ubansa. A wannan auren na biyu aka haifi babanmu.

Mu yara muna kiran mijin nan na fari Kakan Teku, kuma duk da ba shi ya haifi babanmu ba, da shi muke tinƙaho a dandali. A cikinmu ba wanda ya taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Wudil, shi ɗin ma 'yan kaɗan ne suka gani, amma kowa da irin tekun da yake kwatantawa. Wasu su ce shi ne shugaban jirgin, wasu su ce da ruwa ya fara cin jirgin shi ya hau can sama ya kira salla. Kullum labarin ƙara ƙiba yake yi kamar ragon layya. Abin da bai taɓa canjawa ba shi ne kifi. Ba a cinsa a gidanmu, ba a shigo da shi. Baffa ne ya kafa dokar tun yana saurayi, ya ce shi dai ba zai ci abin da ya yiwu ya ci naman ubansa ba, kuma gidan duka ya bi shi. Na sha tsayawa gaban mai banda a kasuwar Ajingi ina haɗiyar yawu. Iya kuwa ba ta taɓa sa baki a labaran teku ba. Da an fara sai ta tuna akuya ba ta sha ruwa ba, ta tashi ta fita.

Baffa dogo ne, mai shiru, fuskarsa kullum kamar an yi masa laifi bai gama tunanin hukuncin ba. Tsakaninsa da Iya akwai kunyar ɗan fari, irin ta mutanen da, wadda ba sassauci a cikinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya durƙusa a ƙofar ɗaki yana gaishe ta, ni take kallo ta ce, “Takwara, ce wa mutumin nan mun kwana lafiya.” Ni kuma in juya in faɗa masa, alhali ya fi ni jin ta. Haka na tashi na tarar, ban taɓa ganin abin mamaki a ciki ba.

Duk da fuskar nan tasa, ni 'yar gatansa ce. Sana'arsa ta rani tufkar igiyar rama, kuma in ya zauna gindin tsamiyar ƙofar gida ni ke miƙa masa zare. A nan ya koya mini ƙullin gidanmu. Ƙulli ne na haɗa igiya biyu ko da ɗaya ta fi ɗaya kauri, iya jansa iya kamawarsa, amma in ka so kwancewa da ɗan yatsa za ka kwance. Sharaɗinsa ɗaya ne, sai ka naɗe yatsu biyu na ƙarshe na hannun hagu, ka riƙe igiya da ukun da suka rage. In na manta na miƙe su, sai in ji sanda a bayan hannuna. Ya ce haka wani matafiyi ya koya masa a bakin rijiyarmu yana yaro, kuma in ba a naɗe ba ƙullin ba ya kamawa. Babanmu haka yake ɗaurawa, yayyena haka, har matan gidan. Ba wanda ya taɓa gwada ɗaurawa da yatsu biyar ya gani.

Ina 'yar ƙarama kakana na gida, wato mijin Iya na biyu, ya rasu, aka raba gandu. Baffa ya ɗauki rabon ubansa, babanmu ya ɗauki na nasa uban. Sai aka yi dace ko rashin dace, gonar fadama, wadda ke riƙe danshi har tsakiyar rani, ta faɗa a ɓangaren babanmu. Damina na wucewa Baffa ya kwashe iyalinsa ya koma Gafasa wajen surukansa. Yana zuwa gaisuwa, yana noma tasa gonar, sai dai ya daina zama gindin tsamiya.

Sai ga fari. Wanda bai ga shekarun nan ba, na wajejen lokacin da aka koma naira, ba zai gane ba ko an gaya masa. Hadari ya haɗu ya yi baƙi har kaji su shige akurki, iska ta zo ta watsa shi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, gyaɗa ta ƙi, Fulanin da ke sauka bayan gari suka kaɗa abin da ya rage musu suka yi kudu. Gonar Baffa ta tudu ko iri ba ta mayar ba. A duk gandun fadamar babanmu ce kaɗai ta ba da abin sawa a rumbu. Babanmu ya aika wa Baffa da damman dawa a kan jaki, jakin ya dawo da kayansa yadda ya tafi.

Cikin wannan hali wani baƙo ya sauka daga babbar mota ranar kasuwar Ajingi. Sanye yake da farar jallabiya da rawani irin na mutanen gabas, ba tsaga a fuskarsa, Hausarsa kuma a gauraye da Larabci har sai ka kasa kunne sosai. Yana bin rumfuna yana tambayar hanyar Balan, yana ambaton sunan Kakan Teku da na ubansa. Aka nuna masa rumfar mai igiya, wato Baffa. Ya ce da Baffa daga Sawakin yake, a bakin Bahar Maliya, kuma shi ɗan mutumin nan ne. Ya ce tsohon ya yi aikin jirgin ruwa duk ƙuruciyarsa, ya yi aure a can, bai daɗe da rasuwa ba, a kan shimfiɗarsa, da tsufansa. Kafin ya cika ya ce masa yana da ɗa a ƙasar Gaya, a je a gai da shi. Waɗanda ke wurin sun ce Baffa ya tambaye shi ko tsohon ya taɓa ba shi labarin kifewar jirgi. Baƙon ya ce bai taɓa ji ba, don mahaifinsu ba mai tuna baya ba ne.

Baffa ya sauki baƙon a Gafasa. Da sassafe Baffan ya zo Balan, bai shigo gida ba, ya wuce wajen mai unguwa. Abin da ya faɗa a can kafin azahar ya gama gari. Ya ce ubansa bai mutu a ruwa ba, da baki aka kashe shi don a gaje matarsa da gonarsa. Ya ce ƙanen uban nasa ne ya shirya labarin ya sa alhazai su faɗa. In kuwa haka ne, auren Iya na biyu ba aure ba ne, wanda aka haifa a cikinsa ba shi da uban da zai gada, fadama kuma ta Baffa ce.

Ba sai na faɗi kalmar da wannan magana ke nufi a kan babanmu ba, kowane Bahaushe ya san ta. Ba wanda ya furta ta a gabanmu, amma ko'ina na juya ina jin ta. Babanmu shi ake turawa gaba in liman ba ya nan. Wata la'asar liman ya tafi jana'iza, aka ta da iƙama, sai wani ya yi wuf ya shige gaba, sauran suka sunkuyar da kai. Babanmu ya bi sallar a sahun baya, ya dawo gida bai ci tuwo ba. Mutumin da raharsa ke hana mu cin abinci cikin natsuwa ya koma kamar kurma. Innarmu ta daina zuwa suna da biki. Ni kuma a bakin rijiya wata yarinya ta tambaye ni, da fuskar marar laifi, wai sunan kakana wa ake sawa a bayan na babanmu. Na fasa mata tulu a ƙafa, kuma har yau ban yi nadama ba.

Na ji tsoro a kwanakin nan, tsoro na gaske. Ba yunwar nake tsoro ba, ko da yake na san in fadama ta tafi sai mun bi hanyar Kano kamar yadda wasu suka bi. Tsorona in wayi gari a ce babanmu ba ɗan kowa ba ne. Na kuma ji haushin Iya. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda aka yi abin a gabansu, amma ta ja bakinta ta rufe. Wuni take tana kaɗi, zaren na tsinkewa tana haɗawa. Na ce mata, “Iya, ki yi magana mana.” Ta ce in je in duba ko akuya ta sha ruwa.

Ƙanen innarmu, Kawu, malamin firamare ne a Gaya, kuma shi ya ce a daina gardama da baki, Turawa ba abin da ba su rubuta ba. Ya ce akwai gidan da ake ajiye tsofaffin takardun gwamnati a Kaduna, in jirgi ya kife da mutanen Kano a wancan zamani to lalle an aiko da labari. Innarmu ta yi masa guzurin ƙuli-ƙuli, ya hau mota. Muka zuba ido, kullum in na ji ƙarar mota daga nesa sai in fito ƙofar gida.

Da ya dawo ya zo mana daga Gaya, tun daga yadda ya jingine kekensa na san ba daɗi. Ya zauna a zaure ya ce ya ga takardu tuli a kan alhazan ƙafa, da waɗanda suka mutu a hanya, da waɗanda aka tsare saboda annoba. Labarin kifewar jirgi a shekarun da ake magana kuwa bai gani ba. Ya ce wannan ba hujja ba ce, don ƙananan jiragen da talakawa ke shiga a ɓoye ba kowa ke rubuta su ba. Amma akwai abin da ya gani. A wata takarda ta ma'aikatan wani jirgin kamfani ya ga suna irin na Kakan Teku, an rubuta mutumin ƙasar Kano ne, kuma lokacin ya zo bayan haihuwar babanmu. Innarmu ta ce ya bar wannan a cikinsa. Kawu ya ce shi ba zai iya ba, ya je ya faɗa wa mai unguwa duka biyun, da mai daɗin da marar daɗin. Innarmu ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa ba. Mutanen gari kuwa rabin maganar suka ɗauka, suka ce ga shi har takardar Bature ta ƙaryata kifewar jirgi.

Aka sa rana za a kai magana gaban alƙali a Gaya. Liman ya ce kafin nan a zauna a gidanmu a ji ta bakin Iya, tunda tsohuwa ce, ba za a ja ta kotu ba sai dole. Ran zaman tun da hantsi aka aike ni ɗebo ruwa don baƙi. Rijiyarmu a lokacin kullum ƙara nisa take yi, igiyar jiya ba ta kai ruwan yau. Na zura guga na ji ta tsaya a iska. Na jawo, na ɗauko guntuwar igiyar da muke ajiyewa a gindin kuka, na durƙusa zan haɗa. Ban lura ba ashe baƙon ya riga Baffa isowa, yana tsaye da buta yana jiran a sam masa ruwan alwala.

Na gama ƙullin zan miƙe, sai na ji ya ce, “Yarinya, kwance ki sake.” A wurina wannan mutum shi ne masifar da ta faɗo mana. Amma na kwance na sake. Ya matso ya tsuguna, ya ce in buɗe hannuna. Na buɗe. Ya dubi yatsuna biyar, lafiyarsu ƙalau, ya dube ni. Ya tambayi wanda ya koya mini, na ce Baffa. Ya tambayi wanda ya koya wa Baffa, na ce wani matafiyi ne, tun Baffa yana yaro, a nan wurin. Mutumin nan ya ajiye butarsa ya zauna daɓas a kan itacen bakin rijiya. Ya daɗe yana kallon igiyar, sannan ya ce in tafi da guntuwar gida, kada in yar.

An shimfiɗa tabarmi a inuwar ɗakin Iya. Liman da mai unguwa a tsakiya, babanmu a gefe ɗaya kansa a ƙasa, Baffa da baƙon a ɗaya gefen, Kawu can kusa da rumbu. Iya tana daga ƙofar ɗakinta, ta ba su rabin baya, ni kuma ina kusa da ita tunda ni ce bakinta. Liman ya yi addu'a, ya nemi ta faɗi abin da ta sani. Shiru. Ya sake nema. Ana jin kukan kurciya daga kan tsamiya, Iya ba ta ko motsa ba. Mai unguwa ya fara tattara babbar rigarsa, alamar sai Gaya ke nan.

A nan baƙon ya nemi izini. Ya karɓi guntuwar igiyar daga hannuna, ya miƙa wa Baffa tare da igiyar akuya, ya ce ya haɗa su. Baffa ya harare shi, amma ya karɓa. Kafin ƙiftawar ido ya ɗaure, yatsu biyu a naɗe. Aka miƙa wa babanmu, shi ma haka. Baƙon ya karɓa ya kwance, ya ɗaure da yatsunsa biyar a miƙe, ya ba Kawu ɗaya bakin suka ja, ƙullin ya kama daram. Ni dai baki na saki, don a ranar na fara sanin ana iya yi a haka.

Ya ce wannan ƙullin ma'aikatan jirgi ne, duk bakin teku an san shi, kuma ba mai naɗe yatsa in zai yi. Mutum ɗaya ya sani da ke riƙe igiya da yatsu uku, shi ne mahaifinsa. Shi ma ba naɗewa yake yi ba, babu su ne. Igiyar jirgi ce ta fizge masa su, shekaru bayan ya bar gida. Ya juya ga Baffa ya ce, “Yaya, wanda ya koya maka, ka ga yatsunsa?”

Baffa ya ce hannun rigar mutumin dogo ne, shi dai ya ga da uku yake riƙewa, ya ɗauka haka ake yi. Yana faɗa muryarsa tana yin ƙasa.

Sai Iya ta ajiye mazarinta. Ni ta kalla, kamar kullum, amma maganar ta kowa ce. Ta ce jirgin ya kife da gaske, alhazai ba su yi ƙarya ba, da idonsu suka gani daga gaɓa. Wani babban jirgi ne ya tsince shi, ya wuce da shi ƙasashen da bai san sunansu ba, ya yi ta aiki a ciki har ya sami hanyar gida. Ya iso Balan wani rani, rana da wahala sun canja shi, rawani har hanci, ya sauka a zauren limamin wancan lokaci a matsayin matafiyi. Ita ya tarar a bakin rijiya, da babanmu a bayanta. Ta ce da ƙanensa ya gan shi faɗuwa ya yi yana kuka, ya ce zai bar masa gidan ya shiga duniya. Limamin na da ya gaya musu hukunci, ya ce in ya so matarsa tasa ce, jaririn kuwa ɗan ƙanensa ne halak malak, tunda an ɗaura auren bisa shaidar mutuwa. Matafiyin kuma ya ce wadda ta yi masa takaba ta fita hakkinsa, ba zai raba jariri da ubansa ba. Ya sake ta a gaban liman. Aka ce wa gari jinya ta tafi gidansu, ta yi idda, liman ya sake ɗaura auren da almajiransa manya biyu a matsayin shaidu. Duk sun rasu.

Ta ce ya sa ta rantse ba za ta faɗa ba muddin yana raye. A ganinsa gara yaron ya san ruwa ne ya ci ubansa, da ya san uban ya zo ya gan shi ya juya. Da baƙo ya kawo labarin rasuwar, rantsuwa ta sauka, amma ta rasa ta inda za ta fara. Wa zai yarda da ita, ita da ake tuhuma, ba shaida ko ɗaya? Kuma ta san ranar da ta faɗa za ta ƙwace wa ɗanta uban da ya riƙe duk rayuwarsa.

Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce har yanzu dai maganar mutum ɗaya ce. Iya ta ce, “Takwara, tambayi mutumin nan, ranar da matafiyin zai tafi, wa ya ɗaukar masa jaka?”

Ban ma kai ga maimaitawa ba. Baffa ya ce, “Baba Ƙarami ne.” Haka yake kiran kakana na gida. Ya ce ya tuna, ya bi su a baya har bakin hanyar Ajingi, suna tafe hannunsu a riƙe da juna, jakar a kafaɗar Baba Ƙarami. Sun daɗe a tsaye kafin su rabu. Da Baba Ƙarami ya juyo idonsa ja wur, ya ce masa ƙwaro ne ya faɗa ciki. Baffa ya faɗi wannan yana kallon hannunsa na hagu, yana miƙe yatsun yana naɗewa. Kowa a wurin ya san mutumin da aka ci amanarsa ba ya tafiya hannu da hannu da wanda ya ci ta.

Can Baffa ya ɗago. Dattijo ne da furfura a gemu, amma muryar da ta fito ta yaro ce. Ni ya kalla, don haka ya saba. Ya ce, “Tambayar mini ita, ya san ni ne?”

Iya ta juyo gaba ɗaya. Ta dube shi a ido, ta kira sunansa, sunan yanka, wanda ban taɓa ji a bakinta ba, kuma ban sake ji ba har ta koma ga Allah. Ta ce, “Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya zauna da kai hantsi ɗaya. Igiyar rijiyar nan lafiyarta ƙalau. Shi ya sa wuƙa ya yanke ta, don a ce yaro ya zo ya riƙe masa.”

Baffa ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Babanmu ne ya fara tashi, ya je ya durƙusa kusa da shi. Da aka jima Baffa ya sauke rawanin ya ce wa liman ba inda za a je, babanmu ƙanensa ne, ɗan halak ne, duk wanda ya ji maganar farko daga bakinsa to ya zo ya ji ta biyu. Da azahar a masallaci shi da kansa ya maimaita. Ruwa bai sauka ba a shekarar don an shirya, yunwa ta ci gaba da cinmu, amma da jaki ya sake tafiya Gafasa da dawa, wayam ya dawo. Baƙon ya zauna da mu har kaka sannan ya koma. Daga nan aka fara cin kifi a gidanmu, ni ce ma kan gaba. Baffa dai bai taɓa ci ba har ya rasu, ya ce bakinsa ya riga ya saba.

Yau rijiyar nan an cike ta, famfon burtsatse ne a wurin, yaran Balan da yawa ba su taɓa jan guga ba. Ɗana da ya yi boko mai zurfi ya bi sawun Kawu, ya tona takardun nan da na ƙasashen waje ta cikin kwamfuta, ya ce in Allah ya so sai ya gano jiragen da Kakan Teku ya yi aiki a ciki. Ya samo sunaye masu kama da nasa, ya samo hotunan jirage, amma ba takardar da ta san ya taɓa dawowa Balan. Ba na raina aikinsa, don ta nan na san tekun ma ta fi yadda muke faɗa a dandali. Sai dai zuwan nan na hantsi ɗaya, a hannunmu kawai aka ajiye shi.

Da na huta na kira jikar tawa, na ba ta guntayen igiya biyu na nuna mata. Yarinya ce mai kai, nan da nan ta ɗaure da yatsunta biyar, ta ja, ta ce ga shi ya kama. Ya kama kuwa, ba abin da ya rage shi. Duk da haka na sa ta kwance, na kama yatsunta biyu na kwantar mata da su cikin tafi, na ce ta sake.